Duwatsu Tara na Kaka Laraba

Tun da na dawo daga tafiyar nan ba a bar ni na sha shayina cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a dakalin ƙofar gida sai Malam Inuwa tela ya fara: "Magini, har yau ba ka ba mu labarin dutse ba." Alhaji Garba mai tireda kuwa cewa ya yi na tafi da baki na dawo babu shi, ko can na manto shi. To ga labarin, na rubuta da bokona na ɗan aji huɗu, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Amma ku sani tun daga farko, in wawan cikin labarin kuke nema, kada ku wahalar da kanku. Ba direba ba ne, ba mutanen ƙauye ba ne. Ni ne, ni ɗin nan da kuke gani da farin gemu a sahun gaba.

Ga wanda takardar nan ta faɗa hannunsa bai san ni ba: ni magini ne ɗan magini, haifaffen Limancin Kona, cikin ganuwar Zariya. Na tsufa ina cuɗa ƙasa ina jera tubali, kuma akwai zaurukan da na ɗaure wa bakan gizo tun ina saurayi, har yau ko tsagewa ba su yi ba. Siminti ne ya zaunar da ni. Ina da jika, Bilkisu, 'yar babban ɗana, wadda digiri ɗaya bai ishe ta ba ta koma neman na biyu. Karatunta kuwa na tonon kufai ne. Inda mutane suka tashi suka bari, can take zuwa da tef da littafi, tana auna abin da masu shi suka ga bai kai a ɗauka ba. Ina ce mata Dakta ko da yake ba ta kai ba, ita kuma tana ce mini Tsoho. Kullum ta shigo gaisuwa sai na tare ta: "Dakta, yau kaskon wa aka fasa?"

Shekara biyu ta yi tana aiki a kan wani kufai da ke kan dutse, can wajen iyakar Kaduna da Filato. Ba zan faɗi sunan garin ba, ta sa na yi alkawari. Wannan zuwan shi ne na ƙarshe, daga shi sai ta rubuta littafinta malamai su duba, su ce ta ci ko ta faɗi. Ubanta ya ce ba za ta yi mako guda a daji ba sai da namiji na gida. Aka duba duk zuri'a, wanda ba shi da aikin yi ni kaɗai ne.

Ta ce, "Tsoho, sharaɗi ɗaya ne. In mun hau, kada ka taɓa komai."

Na ce, "Ni da na gina rabin unguwar nan za ki koya wa taɓa ƙasa?"

"Ban ce ƙasa ba. Komai na ce."

Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Matata Hajiya ta cusa mini rigar sanyi a jaka, na zare na ajiye mata a kan gado. Na ce Filato za ni, ba Ingila ba.

Muka fita bayan sallar asuba cikin wata a-kori-kura, ni da Bilkisu a gaba, bayan mota kuma cike da diga da shebur da rariya da bokitai. Direban, Tanko, mutum ne da bai yarda da birki ba sai in dole. Ramin da ya kamata ya kauce wa sai ya ƙara wuta, wai in ka yi sauri motar ba ta sanin ta faɗa. Motar ba ta sani ba, ƙuguna ya sani. A Pambeguwa muka tsaya muka sha koko da ƙosai. Bayan Saminaka duwatsu suka fara tasowa, wani kan wani, kamar an jibge su za a yi gini aka fasa.

A kan iyakar jiha muka iske shinge da masu kaki. Ɗaya ya leƙa bayan mota ya ga diga da rariya, ya dawo ya ce, "Ina za ku da kayan nan?" Bilkisu ta buɗe jaka za ta ciro takardu. Ni kuwa na ga bai dace ana tambaya mace ta amsa ga dattijo a zaune ba. Na gyara hula na ce, "Ɗana, arzikin da kakanni suka binne a ƙasa za mu tono."

Ashe a yankin ana fama da masu haƙar ma'adinai ta bayan fage. Aka ce mu faka gefe. Awa guda muka yi a rana, ana karanta takardun Bilkisu daga sama zuwa ƙasa, ana kiran wani ya zo shi ma ya karanta. Da aka sallame mu Tanko ya ƙure rediyo kawai. Bilkisu ta ce, "Tsoho, cikin 'komai' ɗin nan har da magana."

Muka isa garin da la'asar. Yana gindin dutsen, gidaje a warwatse, kowane da shingen wata ƙaya mai nono maimakon katanga. Na ce a raina, mutanen nan ba su san daɗin zaure ba, baƙo yana tsaye a waje yana ganin tukunyar matar gida. A gidan mai gari aka sauke mu, Baba Danladi, dogon mutum mai 'yar magana. Na shirya masa gaisuwa irin ta birni, wadda ake farawa daga gajiya a bi ta kan iyali a sauka a kan ruwa. Ina kan ta biyu ya ce, "Lafiya, lafiya, ku shigo," ya ɗauki jakata da kansa.

Kirista ne, kamar yawancin mutanen garin. Amma kafin in tambaya ya nuna mini gabas, ya kawo sabuwar tabarma, sannan ya miƙo mini zakara da wuƙa ya ce, "Malam, ka yanka da hannunka don ka ci da natsuwa." Wannan abu ya burge ni. Sai dai rabona da yanka kaza tun Hajiya na amarya. Na taka fiffike ɗaya na manta ɗayan, zakara ya mare ni a fuska ya haura shinge. Matan gidan suka bi shi suna dariyar da ba su ɓoye ba. A birni da sun shiga ɗaki sun yi ta, nan kuwa a gabana aka yi, har da riƙe ciki.

Abincinsu gwaten acca ne, da ganye da yakuwa da wake a ciki, ba tuwo ba, ba kunu ba, wani abu a tsakani. Cokali na farko na yi masa kallon raini, kwano na biyu ni na roƙa. Sanyi kuwa, da gari ya waye na ji kamar an jiƙa ƙashina an shanya. Matar mai gari ta ara mini rigar sanyinta, ja ce mai furanni. Da ita na yi kwana bakwai. Akwai hoto a wayar Bilkisu, kuma na gaya mata ranar da ya fita, ranar zan cire ta daga jikokina.

Da safe kafin mu hau, Bilkisu ta kai ni gaida wata tsohuwa, Kaka Laraba, gwaggon mai gari. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda aka haifa a kan dutsen. Tana 'yar yarinya aka sauko. Rabin littafin Bilkisu daga bakinta ya fito: ina gidan wane yake, ina ake sussuka, ina ake binne mutane. 'Yar ƙarama ce, ta shanye, tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Bilkisu ta durƙusa ta ce, "Kaka, ga kakana, daga birnin Zariya."

Tsohuwa ta dube ni daga hula har takalmi, ta tsaya a kan rigar furanni. Ta ce, "Zariya. Saboda ku muka hau dutsen nan."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Bilkisu ta yi mini bayani a hanya: a zamanin da, mahara daga wajenmu suke zuwa kamun mutane, shi ya sa kakanninsu suka bar fili suka koma inda doki ba ya iya hawa. Na ce, "To ai ni ko jaki ban taɓa mallaka ba." Ta ce, "Na sani, Tsoho. Hau dai."

Hawan nan ba zan ba ku labarinsa ba, don akwai wuraren da na yi da hannu da gwiwa. A sama kuwa sai ga fili, gari guda babu kowa. Da'irar duwatsu inda ɗakuna suka tsaya. Fasassun tukwane ko'ina, kana takawa suna ƙara. Abin da ya tsayar da ni shi ne gonakinsu. Sun yanka jikin dutse hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da jerin duwatsu ba laka ba komai, don kada ruwa ya wanke 'yar ƙasar da suka tara. Na duba jerin nan da idon magini, na ga ko ni sai na yi da gaske. Ban faɗa ba. Ai ba a san ɗan birni da yabon aikin ƙauye ba.

Da azahar ta wuce Bilkisu da ma'aikata biyu 'yan garin za su zagaya bayan dutse su auna gonakin can. Na ce gwiwata ta ƙi. Suka bar ni a inuwar wani ƙaton dutse da butata da gorona, a gefen da ba su riga sun auna ba.

La'asar ta yi. Na tashi zan yi salla, sai na tuna mahaifina, Allah ya jiƙansa. In muka je gini ƙauye, duk inda muka yi salla a daji sai ya jera duwatsu ya fitar da alƙibla, ya ce wani matafiyi zai zo ya samu, ladan yana bin ka har kabari. Na ce ga ni zan yi mako a nan, me zai hana? Na waiga, sai ga wasu duwatsu tara a tsaye cikin ciyawa, a kewaye, kowane ya ɗan fi ƙoƙon kan mutum girma, kusan girmansu ɗaya. Na ce Allahu Akbar, an ma tara mini.

A nan ne nake so ku yi mini adalci, ko da yake ban cancanta ba. "Kada ka taɓa komai" a wurina tukwane ne da abin da ake sa wa lamba. Dutse kuwa dutse ne, Allah ya zuba shi ko'ina. Gwiwar da ta hana ni bin su ba ta hana ni ɓarna ba. Ɗaya bayan ɗaya na girgiɗe su na mirgina su bayan ƙaton dutsen, taku kamar ashirin. Kuma da yake hannu ba ya manta sana'a, ban zubar da su haka kawai ba. Na haƙa wa kowane ɗan gurbi cikin ciyawa, na zaunar da shi daram, gefen da ya yi gansakuka yana sama yadda na same shi. Na cike tsakani da ƙanana. Na sami wani faffaɗan dutse mai kwarmi a tsakiya, gefensa ɗaya a karye, na kafa shi a gaba wurin liman. Na ja baya na duba. Wallahi ya yi kyau. Na yi sallata, na roƙa wa Bilkisu nasara a ciki.

Muna saukowa hadari ya haɗu, aka yi ruwa mai ƙarfi. Ya wanke sawuna, ya daddale ƙasar da na tona, ya mayar da aikina kamar tun zamanin kakanni yake wurin.

Washegari bayana ya riƙe, ban hau ba. Ina kwance a tabarma da hantsi sai ga Bilkisu ta sauko a guje, mayafi a hannu, tana haki.

"Tsoho! Tsoho, tashi! Masallaci! Akwai masallaci a kan dutsen!"

Na buɗe baki zan ce ai na sani. Wallahi na buɗe. Sai ta durƙusa a gabana, a gaban mai gari da matan gidan, ta ce, "Kaka, kai ne magini. Don Allah ka zo ka duba mini. Babu wanda ya san jerin dutse kamarka."

Yau Bilkisu ce ta kira ni Kaka, ba Tsoho ba. Tun da ta shiga jami'a ba ta taɓa tambayata komai ba sai lafiyar ƙafa. Maganar da ke bakina ta koma ciki ta zauna.

Na hau. Bayan nawa da ya riƙe ya sake. Na zagaya masallacina sau biyu, hannu a baya, ina gyaɗa kai. Na tsuguna na shafa dutsen gaba. Kowa yana jira. Na ce, "Wannan hannun gwani ne. Ba ƙaramin magini ya jera wannan ba."

Ta ce, "Zai kai shekara nawa?"

Na ce, "Wanda ya yi shi dai tsoho ne."

Kun ga, ban yi ƙarya ba. Haka na riƙa gaya wa kaina har muka sauko.

Ta yi ta ɗaukar hoto, ta auna, ta zana. Ta ce sai an tona gefe kafin a tabbatar, amma murna ba ta bar ta ta jira ba. Ta hau wani tudu inda waya ke kamawa ta kira malaminta, Farfesa, wanda zai sa hannu a littafinta. Duk abin da aka sani shi ne ba Musulmin da ya taɓa zama a kan dutsen. In ga masallaci, to labarin garin gaba ɗaya ya canza, kuma ita ta gano. Farfesa ya ce kada a taɓa, zai zo da kansa ranar Alhamis.

Kwana biyu ke nan a tsakani. Sau uku na kira ta gefe. Na farko na ce mata gwaten ya yi gishiri. Na biyu na tambaye ta ko ta kira ubanta. Na uku ta riga ni, ta ce, "Tsoho, zan sa sunanka a shafin godiya." Na ce Allah ya yi albarka. Zakaran da aka sake ba ni na yanka ma ban iya ci ba.

Wadda ba ta yi murna ba ita ce Kaka Laraba. Da Bilkisu ta nuna mata hoton, ta kawar da kai ta ce, "Babu wannan a garinmu."

"Kaka, wataƙila kafin a haife ki ne."

"Bayan dutsen nan muke wasan ɓuya. Babu." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, sannan ta ce, "Shekara biyu ina ba ki labari kina rubutawa. Yau dutse ya ce ƙarya nake, kin yarda da dutse."

Bilkisu ta mayar da wayar cikin jaka. Ni ina tsaye a bayanta ina duban shinge kamar ban taɓa ganin ƙaya ba.

Ranar Alhamis Farfesa ya iso, gajere mai tabarau, da takalmin hawan dutse da hular mafarauta. Muna shirin hawa sai ga Kaka Laraba da sandarta, ta ce da ita za a je. Shekarunta da yawa rabonta da sama. Mai gari ya yi ta lallashi, ta ƙi. Ma'aikatan nan biyu suka riƙa karɓa-karɓa suna goya ta a wuraren da suka yi tsauri, tana yi musu faɗa wai ba nan hanyar take ba.

Da muka kai, kowa ya nufi masallaci, ita ta yi wani gefen. Ta tsaya cikin ciyawa tana caccaka ƙasa da sanda. Can ta ɗaga murya: "Danladi! Ina rumbun babana?"

Muka juyo. A gabanta ramuka tara ne a kewaye, kowane da ɗan ruwan sama a ciki.

Rumbu. Jama'a, duwatsun da ake ɗora rumbu a kai ne, don kada gara da damshi su kai ga hatsi. Yaron ƙauye ɗan shekara bakwai ya san wannan. Ni da na ce na gina rabin unguwa ban gane ba, don tsawon rayuwata ban taɓa gina rumbu ba. In an kawo mana aikin sai mu ce na ƙauyawa ne, mu soro muke yi.

Tsohuwa ta biyo mu bayan ƙaton dutsen tana dogara sanda. Ta bi duwatsun tana taɓa kowane, tana ƙirgawa da harshensu. Da ta zo kan na gaba, mai kwarmin nan, sai ta tsuguna, ta sa tafin hannunta a cikin kwarmin, ya zauna daidai.

Ta ce, "Dutsen niƙan mamata. Ni na karya gefen nan, ya faɗo mini a hannu. Ta yi mini duka, ta kuma yi kuka, don ranar da za mu sauko ba a iya ɗaukarsa ba."

Farfesa ya tsuguna, ya sa hannu biyu ya ɗaga ɗaya daga cikin duwatsun. A ƙarƙashinsa ga ciyawa kwance, ɗanya, ko rawaya ba ta gama yi ba. Ya daɗe yana kallonta. Ya mayar da dutsen, ya cire tabarau ya goge.

Ya ce, "Bilkisu, wa ya fara ganin wurin nan?"

"Ni ce, Farfesa."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Kafin ranar, wa ya san ba a auna gefen nan ba?"

Ta sunkuyar da kai. Bokona na aji huɗu ne, amma na gane abin da ake tambaya. A sana'arsu, wanda aka kama ya jera abu da hannunsa ya ce tsohon tarihi ne, ya gama. Ba digirin nan kaɗai ba, ko'ina ya je labarin ya riga shi. Shekara biyu na hawan dutse, da sunanta, da sunan ubanta, ga su nan a ƙarƙashin dutse ɗaya tare da ɗanyar ciyawa. Kuma ba ta dube ni ba. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba. Daga baya ta gaya mini tun da aka ce rumbu ta gane, tana tunanin yadda za ta ɗauki laifin ne kada a kunyata kakanta a gaban mutane.

Na ce, "Farfesa." Muryar ta fito kamar ta zakaran da ya tsere. Na sake cewa, "Farfesa, ni ne. Ranar Litinin da la'asar. Wurin salla na yi."

Ya mayar da tabarau ya dube ni, ni da rigar furanni. "Baba, kai ka jera wannan?"

"Ni ne."

"Amma an ce mini kai ka duba ka ce hannun gwani ne."

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Na ce, "Yarinyar nan ba ta san komai ba. Ta ce kada in taɓa komai, na taɓa. Ta tambaye ni, na rufe ta. In akwai wanda za a kora daga jami'a, ni ne, sai dai ban taɓa shiga ba."

Ba wanda ya yi dariya. Farfesa ya juya ga Bilkisu ya yi mata faɗa, ba da ihu ba, wanda ya fi ihu ciwo. Ya ce laifinta biyu: ta kira shi kafin ta ɗaga dutse ɗaya ta duba ƙarƙashinsa, kuma ta bar maganar wadda aka haifa a wurin ta kama ta baƙo. Ya ce aikin zai ci gaba, amma ta rubuta abin da ya faru a littafinta, duka, kada ta rage. Don haka sunana bai shiga shafin godiya ba. Na shiga wani shafin, inda aka ce wani baƙo ya lalata gurbin rumbu ɗaya kafin a auna shi. Ko an mayar da duwatsun, a wurinsu wannan rumbun ya fita daga lissafi har abada, don ba wanda zai iya rantsuwa cewa haka masu shi suka bar shi.

Bilkisu ta je ta durƙusa gaban tsohuwa ta ce, "Kaka, ki yafe mini." Tsohuwa ta dafa kanta. Ni kuwa sai da muka kai Saminaka a hanyar dawowa Bilkisu ta yi mini magana, ita ma cewa ta yi in ɗaga gilas.

Amma kafin nan akwai aikin mayarwa. Kaka Laraba ta zauna a kan wani dutse ta ce wanda ya kwashe shi zai mayar, kada kowa ya taya shi. Na tuɓe rigar furanni. Ina mirginawa tana nuni da sanda. "Ba nan ba. Wancan ramin. Juya shi, fuskarsa ciki take kallo. A kan wannan nake zama in babana yana ɗibar acca." Duk tara ta san su kamar 'ya'yanta. Dutsen niƙan kuwa rungumarsa na yi har gurbinsa, ta ce in kwantar da shi a hankali.

Da na gama, gumi ya jiƙa ni, sai na ga wurin ya yi shiru da yawa. Kun san halina, shiru ba ya zama kusa da ni. Na ga ya kamata in ɗan sassauta abin da wasa, a rabu da fara'a. Na share fuska na ce, "Iya, ki yi haƙuri. In kin yarda, kafin in tafi zan gina miki sabon rumbu a ƙasa, irin na birni. Ni fa Bazazzage ne, magini ɗan magini."

Ta dube ni kamar yadda ta dube ni ranar farko, daga hula har takalmi.

Ta ce, "Na san ko kai wane ne. Kakanninka sun zo da dawaki da masu, shekara da shekaru, ba su taɓa kaiwa ga rumbun nan ba. Kai ka zo da buta ɗaya ka gama da shi kafin magariba."

Malam Inuwa, Alhaji Garba, kun ce na dawo babu baki. To a nan na bar shi.